Yadda Ake Shirya Ranar Raba Kyaututtuka a Makarantar Sakandare

A wata makarantar gwamnati da na taɓa koyarwa, an sa taron raba kyaututtuka ƙarfe goma na safe. Babban baƙo bai iso ba sai da aka kira azahar. Jawabi bakwai aka yi kafin a kira sunan yaro ko ɗaya, kuma lokacin da aka zo kan kyaututtukan hadari ya riga ya haɗo daga gabas, jama'a sun fara miƙewa. Akwai wani dattijo da ya taho a keke daga ƙauye tun da sassafe don ya ga ɗansa ya karɓi kyautar lissafi ta SS 2. An kira sunan yaron ana ta gudu da kujeru zuwa baranda, ba wanda ya ji. Da ruwa ya ɗauke dattijon ya same ni a bakin ofis ya ce, "Malam, an ba shi kuwa?" Na ce, "An ba shi, Baba." Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na dai so in gani da idona."

Tun daga ranar, duk inda aka sa ni a kwamitin wannan taro, da dattijon nan nake auna kowane shiri. Taron na yara ne da iyayensu. Manyan baƙi shaidu ne kawai, an gayyato su su tafa wa yaran. Ga yadda ake tsara shi tun daga tushe.

Mataki na farko: a buɗe littafi tun zangon farko

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bari sai saura mako biyu sannan a tara malamai a ce kowa ya kawo sunayen waɗanda suka cancanta. A nan ne ake zaɓen wanda aka fi sani, ko wanda ya yi abin a-zo-a-gani a makon da ya wuce, a manta da yarinyar da ta ciyo wa makaranta gasar kacici-kacici tun watan Nuwamba.

A makon farko na zangon farko a sayi babban littafi mai bango mai tauri, a damƙa shi ga mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu. A ware wa kowane aji shafuka, kowace ƙungiyar ɗalibai ma haka. Duk abin da ya faru a rubuta shi a makon da ya faru: sunan ɗalibi cikakke, ajinsa, abin da ya yi, kwanan wata, da sa hannun malamin da ya shaida. An je muhawara da wata makaranta, a rubuta su wane ne suka je da matsayin da suka zo. An yi wasannin gidaje, a rubuta wanda ya ci tseren mita 100 da gidan da ya ɗauki kofi. A ƙarshen kowane zango malamin aji ya shigar da biyar na sama a ajinsa da jimillar makinsu. Idan makaranta tana da kwamfuta a riƙa kwafewa a ciki, amma kada a yar da littafin. Kwamfuta takan lalace, malamin da ya san sirrinta akan yi masa canjin wurin aiki, littafi kuwa yana nan a durowa.

Mataki na biyu: a yanke rukunan kyauta da ƙa'idojinsu, a sanar

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata malamai su daɗe suna tattaunawa.

Kyautar na ɗaya, na biyu da na uku a kowane aji, daga JSS 1 zuwa SS 3, kowa ya san ta. A fitar da ita daga matsakaicin makin zanguna uku gaba ɗaya, ba na zangon ƙarshe kaɗai ba, don yaron da ya yi zazzaɓi a makon jarrabawa ɗaya kada ya yi asarar aikin shekara. Sai kyautar kowane darasi: Lissafi, Turanci, Hausa, Larabci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Aikin Gona, da sauransu. Matsalar ita ce, idan aka tsaya a nan, yara biyar ko shida ne za su yi ta hawa suna sauka, sauran ɗaruruwan kuma su zama 'yan kallo shekara da shekaru, har su ɗauka taron ba nasu ba ne.

Don haka nake nacewa a kan kyautar wanda ya fi kowa ci gaba. Yaron da ya zo na 48 a zangon farko, ya dawo na 19 a zango na uku, sau da yawa ya fi na ɗayan shan wahala. Wataƙila talla yake yi da yamma, ko kuma sai bana ya iya karatu sosai. A kira shi gaban jama'a a faɗi inda ya taso da inda ya kai. Ban taɓa ganin kyautar da ke motsa 'yan bayan aji kamar wannan ba, domin ita kaɗai ce kowa ke jin zai iya ci.

Bayan ita akwai kyautar wanda bai yi fashi ko makara ba duk shekara, wadda rajistar aji ce shaidarta. Akwai ta tsafta, ta firifet ɗin da ya riƙe amana, ta aikin hannu, ta wanda ya fi kula da gonar makaranta. Ƙungiyoyi ma kowace ta sami nata: ƙungiyar muhawara, ta 'yan jarida, ta JETS masu ƙere-ƙeren kimiyya, ƙungiyar Hausa, 'yan sikawut, 'yan agaji, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, da takwararta FCS a makarantun da ke da ɗalibai Kirista. Wanda ya wakilci makaranta a waje kuwa, ko bai ciyo ba, a ambaci sunansa. Yaron da ya tsallake matakin ƙaramar hukuma a musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya ta ƙasa tun 1986, ya yi abin da ya isa a miƙe masa. Haka wanda ya zauna gasar kacici-kacici ta Cowbellpedia ko gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa.

Kada a manta da waɗanda suka gama bara. Sakamakon WAEC da NECO ba ya fitowa sai sun bar makaranta, saboda haka yawancinsu ba wanda ya taɓa ce musu sannu. A nemo wanda ya fi yawan A1, da wanda ya fi maki a JAMB cikin 400, a aika musu su zo. Ƙannensu na SS 2 su gan su da ido.

Sai ƙa'idoji, kuma a rubuta su. Idan biyu suka yi kunnen doki, me zai raba su? Mu mukan duba makin Lissafi da Turanci, idan nan ma daidai ne a ba su duka biyun. Wanda aka kama da satar amsa a shekarar ba ya cikin lissafi, ko ɗan wane ne. Malamin da ɗansa ko ƙaninsa ke cikin masu takara ya fita daga ɗakin lokacin da ake yanke rukunin. Idan an gama, shugaban makaranta ya karanta rukunan da ƙa'idojin a asambuli, a liƙa a allon sanarwa. Yaro ya san abin da yake nema tun Satumba, shi ne zai sa ya nema.

Mataki na uku: rana da izini

Makarantar gwamnati sai ta rubuta wa ofishin ilimi na shiyya ko ma'aikata ta nemi izini, kuma takarda takan daɗe a ofis, don haka a tura ta aƙalla wata biyu kafin ranar.

Yawancin makarantu a ƙarshen zango na uku suke yi, cikin Yuli, a haɗa da bikin yaye 'yan SS 3. Amfaninsa shi ne masu fita suna nan. Illarsa kuma damina ce tsaka, iyaye suna gona, sau da yawa ba a gama NECO ba, malamai kuma suna fama da makin jarrabawa. Ni a ganina, makarantar da iyayen yaranta manoma ne gara ta raba biyu: a yi wa masu fita walimarsu a Yuli, a kai raba kyaututtuka ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Lokacin ruwa ya ɗauke, sakamako ya fito, an fara kai amfanin gona gida, mutane suna da abin hannu da sukunin zuwa. Ko wane wata aka zaɓa, a kauce wa Juma'a, ranar kasuwar garin, azumi da makon Sallah.

Mataki na huɗu: kwamiti da kuɗi

Kwamiti kada ya wuce mutum tara: mataimakin shugaba a matsayin jagora, malamai uku ko huɗu har da mace, wakilin ƙungiyar iyaye da malamai, wakilin tsofaffin ɗalibai, da shugabannin ɗalibai na maza da na mata. Ɗaliban nan biyu ba ado ba ne, su suka san abin da yara ke so.

A rubuta kasafi, kuma a kafa doka ɗaya tun farko: rabin duk abin da aka samu na kyaututtuka ne. Rumfa, kujeru, lasifika, man janareta da abin sha su raba sauran. Na sha ganin an kashe wa teburin manya kaji da lemon kwalba, yaron da ya zo na ɗaya kuma aka miƙa masa littafin rubutu biyu da biro. Zoɓo da ruwan leda sun wadatar, ba wanda ya zo don ciki.

Kada a ɗora wa yara haraji. Wanda ya kasa biya zai ƙi zuwa, kuma wataƙila shi ne mai kyautar. A nemi tsofaffin ɗalibai. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin daga baya ta zauna a Zariya, tana alfahari da su Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala da 'Yar'aduwa, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta sananniya ce. Makarantar ƙaramar hukuma ba ta da irin waɗannan sunaye, amma tana da ma'aikacin jinya a babban asibiti, tana da ɗan sanda, mai shagon magani, direban tirela, malamin kwalejin ilimi. Idan ka ce musu su kawo gudummawa kawai, shiru za ka ji. Idan ka ce, "Alhaji, kyautar Kemistiri ta bana muke so ka ɗauka, za a kira ta da sunan mahaifinka, kai za ka miƙa da hannunka," da wuya ya ƙi, kuma baɗi shi zai kira ka ya tuna maka. Duk kuɗin da ya shigo a ba da rasit, duk abin da aka saya a ajiye rasit.

Mataki na biyar: kyautar kanta

A ba yaro abin da zai yi masa aiki. Ƙamus, littafin darasin ajin da zai shiga, kalkuleta, akwatin kayan lissafi, jakar makaranta, yadin yunifom. Fitila mai caji da rana ta fi kusan komai daraja a garin da wuta ba ta zama, domin da ita zai yi karatun dare, ƙannensa ma su raɓu. Idan an sami mai hali, keke ga yaron da ke tahowa daga nesa, keken ɗinki ga wadda ta fi a aikin hannu. Mafi girma duka ita ce a biya wa ɗan SS 2 kuɗin rajistar NECO ko JAMB na baɗi. Yara masu ƙwaƙwalwa da yawa a nan karatunsu ke tsayawa. Idan wani ya ɗauki wannan alkawari, a karɓi kuɗin kafin ranar taro a ajiye a asusun makaranta. Alkawarin da aka yi a lasifika cikin tafi ba kullum ake ganin sa ba.

Kowace kyauta ta zo da takardar shaida. A kira yaron ya duba rubutun sunansa kafin a buga, kuma a rubuta shi yadda yake a rajistarsa ta NIN, tunda da ita zai yi JAMB. Muhammad da Mohammed a kunne ɗaya ne, a takarda kuwa sukan jawo wahala. Shugaba ya sa hannu ya buga hatimi kwana biyu kafin taro. A naɗe kowace kyauta a liƙa mata lamba daidai da lambar da ke jerin sunaye, a jera su a kwali bi da bi.

Mataki na shida: abin da yara za su nuna

A ba kowace ƙungiya mako huɗu na gwaji, bayan an tashi ko ranar Asabar, ba a lokacin darasi ba. A zaɓi uku ko huɗu da za su hau dandali, kowace minti goma, kuma malami ya riƙe agogo tun a wajen gwaji.

Muhawara gajeriya, biyu da biyu, a kan abin da ya shafi garin, misali ko ya dace ɗalibi ya riƙe waya. Wasan kwaikwayo da Hausa, domin iyaye mata da tsofaffi su bi labarin. A bar yara su rubuta da kansu, malami ya gyara kawai. Ƙungiyar 'yan jarida ta karanta labaran makaranta na shekara, da Turanci sannan da Hausa, kamar a rediyo. Fareti na 'yan sikawut ya buɗe taro.

Sauran a kai su baje koli a aji ɗaya ko biyu da aka share. 'Yan JETS su jera abin da suka haɗa: matatar ruwa ta yashi, tsakuwa da gawayi, ƙararrawar ƙofa ta batir, sabulun ruwa, murhu mai cin itace kaɗan. Kowane teburi da ɗalibin da zai yi bayani da bakinsa. Na taɓa tsayawa kusa da wata yarinya 'yar JSS 3 tana zuba ruwan kududdufi a saman jarka, yana ɗigowa garau a ƙasa, tana gaya wa hakimi cewa, "Ranka ya daɗe, ya yi fari amma sai an tafasa kafin a sha, don yashi ba ya kashe ƙwayoyin cuta." Mahaifiyarta na gefe ta rufe baki da mayafi. Ba jawabin da zai gamsar da uba ya bar 'yarsa ta ƙarasa sakandare kamar ya ga irin wannan.

Mataki na bakwai: gayyata

Takardun manya a kai su da mako uku: hakimi, dagaci, limamai, shugaban ƙaramar hukuma, jami'in ilimi na shiyya, shugabannin makarantun maƙwabta. Wajen zaɓen babban baƙo, a fifita wanda zai zo a kan lokaci a kan wanda ya fi suna. Tsohon ɗalibi da ya zama likita ko injiniya, wanda ya zauna a benci ɗaya da waɗannan yaran ke zama, ya fi ɗan siyasar da zai aiko wakili da la'asar. A gaya masa tun a takarda cewa minti goma gare shi.

Gayyatar da ta fi muhimmanci ita ce ta iyayen masu karɓar kyauta. A rubuta ta da Hausa, da sunan uba, a ce uwa ma ta zo. Kada a dogara da yaro ya kai. Wasu kunya ke hana su, wasu kuma ba sa so a ga iyayensu cikin tsofaffin kaya. Malamin aji ya kira a waya, ko ya bi ta hannun mai unguwa. A ware musu kujeru a gaba cikin inuwa, a liƙa takarda, a sa firifet biyu su tsare wurin.

Mataki na takwas: jajibiri da ranar

Jajibiri da yamma a kafa rumfa, a gwada lasifika da janareta, a yi gwajin fita da masu karɓar kyauta: ta ina za su hau, ina za su tsaya a ɗauki hoto, ta ina za su sauka. A tanadi zaure ko babban aji ko da ruwa zai sauko. 'Yan agaji su zauna kusa da inda yara suke da ruwan sha, domin wanda ya fito bai karya ba yakan faɗi a rana. Yara ma a nema musu inuwa.

A fara ƙarfe goma, a gama kafin azahar. Idan babban baƙo bai iso ba, a fara. In ya zo a tarbe shi da girmamawa a ci gaba daga inda ake. A sanar da shi wannan tun a takardar gayyata don kada ya ji an raina shi.

Bayan addu'a da taken ƙasa, shugaban makaranta ya ba da rahoton shekara cikin kwata ɗaya na awa, da alƙaluma: ɗalibai nawa, malamai nawa, nawa suka zauna jarrabawar fita, nawa suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bara nawa ne. Ya faɗi gaskiya ko ba daɗi, ya kuma faɗi abin da makaranta ta rasa, malamin Fiziks ne ko rufin ɗakin gwaje-gwaje, tunda masu iya gyarawa suna zaune a gabansa. Daga nan kai tsaye a shiga kyaututtuka kashi na farko, sai wasan kwaikwayo, sai kashi na biyu, sai muhawara, sai manyan kyaututtuka. Jawabin baƙi ya zo a bayan wannan. Duk wanda zai tashi da wuri, ya riga ya ga abin da ya kawo shi.

Masu gabatarwa su zama ɗalibai biyu, mace da namiji, da malami ɗaya a bayansu riƙe da jerin sunaye. A kira suna a hankali, da sunan uba, da aji, da garin da yaron ya fito, da abin da ya yi. A dakata har ya hau, ya karɓa, ya juyo ya fuskanci jama'a. A manyan kyaututtuka a ce uba ko uwa su taso su tsaya tare da shi. Maraya kuma malamin ajinsa ya tsaya masa, kuma a shirya wannan tun jajibiri don kada yaron ya tsaya yana waige.

Mataki na tara: bayan an watse

Cikin mako guda kwamiti ya zauna ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ba ƙungiyar iyaye da malamai kwafi, a rubuta wa duk wanda ya taimaka takardar godiya da hoton yaron da ya karɓi kyautarsa. A tura rahoto ofishin shiyya. A sa mai fenti ya ƙara sunayen bana a allon girmamawa da ke ofishin shugaba ko zauren taro. Idan babu allon, a sa kafinta ya yi, ba tsada gare shi ba. Kofunan gidaje su koma kabad, a rubuta shekara da sunan gidan da ya ci.

Ranar Litinin ta farko malaman aji su shiga da jerin rukunan baɗi, su karanta wa yaran da ba su sami komai ba, su nuna wa kowa rukunin da ya fi kusa da shi. Mataimakin shugaba kuma ya ja layi a ƙarƙashin shafin bana a babban littafin nan, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata a sama.